Shafin Tattaunawar da Muka Bari Fayau

Har yau ban manta da wata Asabar ba a ɗakin kwamfuta na Tarauni, inda mu masu aikin sa-kai muke haɗuwa. Da shigata, abin da na fara lura da shi allon jagoranmu ne, Malam Nasiru. Yana rubutu a wiki na Turanci, wani ɗan rubutu kuma yana fitowa a ƙasan allon yana ɓacewa.

Ga wanda bai sani ba, wiki kundin ilimi ne a intanet wanda kowa zai iya yin rubutu a ciki, kowane harshe da nasa. Namu na Hausa ƙarami ne, kuma yawancinmu da waya muke aiki. Lokacin ina aji biyu na babbar sakandare.

A makon na yi asara. Anti Hadiza, ƙanwar mahaifiyata da ke aikin jinya a asibitin koyarwa, ta dawo a gajiye ta zauna a tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, tana yi mini bayanin ciwon sikila ina bugawa. Kafin in wallafa, wayar ta mutu, komai ya tafi. Anti ta ce sau ɗaya za ta maimaita, ranar hutunta, in ya sake ɓacewa babu ruwanta.

Sai da kowa ya duƙufa na matsa kusa da Malam.

"Malam, wancan rubutun da ke ƙiftawa fa?"

"Iye! Yau Rumaisa ce da magana?" Aka yi dariya, na ja hijabina. Ya ce, "Sabon abu ne. Yana adana rubutu da kansa, ko an ɗauke wuta."

"Mu fa?"

"Sai layi ya zo kanmu. Manya tukuna."

"Su da ba a ɗauke musu wuta?"

Sai ya buɗe shafin tattaunawar wiki ɗinmu. Ƙa'idar masu ƙera manhajar ita ce su tambayi kowace al'umma a wannan shafin ko tana son sabon abu. Ga tambayar nan da Turanci tun kafin damina, ƙarƙashinta fayau. Da ba su ga amsa ba suka mayar da mu baya.

"Amma ai mun yi maganar nan!" in ji Malam.

Mun yi kam, amma a zaurenmu na waya, da saƙon murya, kamar yadda muke tattauna komai. Malam kansa ya daɗe yana faɗa a can. Mutanen nan kuwa ba sa cikin zauren.

Ranar na gane cewa a aikin nan shiru ma amsa ake ɗaukarsa. Su sun yi tambaya a inda ba ma zama, da harshen da ba kowanmu ke ji ba. Mu kuma mun yi ƙorafi a inda ba sa ji.

Na ce, "Malam, ka rubuta musu da Turanci, ni zan sa Hausa a ƙasa. Ka ce nan gaba su fara da masu wayar da ke mutuwa. Kuma don Allah kada kowa ya tashi sai ya rubuta nasa. Ranar Alhamis Anti take hutu."