Tanko Mai Rabon Haske

Kuku aka ɗauki Tanko, ba mai gyaran wuta ba. Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya shigo Kano da ƙuruciyarsa. Ya yi wanke-wanke a Gawuna, ya yi suyar ƙwai a teburin mai shayi, kafin Allah ya jefo shi kicin ɗin Alhaji Maharazu a Nassarawa. A nan furfura ta same shi. Hannunsa da daɗi, amma akwai shi da riƙo.

Da Maryam Nana, babbar 'yar Alhaji, ta gyara falo, sai ta sa aka kafa wani dogon ƙarfe a silin, aka jera masa ƙananan fitilu. Kowacce ta karkata tana haska hoto guda a bango: Alhaji ranar ritaya, Hajiya Sauda a Madina, 'ya'ya, surukai.

Wata rana ƙwan fitilar da ke haska hoton Alhaji ya mutu.

"Tanko, ɗauko tsani," in ji Alhaji. "Ba na zama a duhu a gidana."

Tanko ya hau, ya yi ta murɗa, ƙwai ya ƙi fita. Sai da haushi ya sa ya danna shi ciki, ya juya kaɗan, sannan ya faɗo masa a hannu. To sabo fa? Babu. Ya dubi bango, idonsa ya sauka kan hoton Nabil, mijin Maryam Nana, wanda ya taɓa cewa tuwonsa da gudaji. Ya kai hannu kan ƙwan Nabil yana kunne, ya ƙone yatsu, ya saki wani ashar da Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ya sauka ya kashe wuta, ya jira ya huce, ya cire ya sa wa Alhaji.

Tun daga nan Tanko ya zama hukuma. Ƙwai ya mutu, Alhaji zai ce a sayo, direba zai manta, Tanko zai hau tsani ya yanke hukunci. Ka raina miyarsa, ka koma duhu. Ka gaishe shi har kicin, haske ya dawo maka.

Hajiya ce ta fara ganewa. Ta tsare shi a bakin kicin.

"Malam Tanko, hoton nan nawa na biki, na yi ƙiba a ciki. A ɗauke masa wutar."

Alhaji ma ya zo, murya ƙasa-ƙasa: "Wancan da nake tare da mutanen tsohuwar jam'iyya, baƙi za su zo Juma'a. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Nabil kuwa ya daɗe a duhu. Sai da ya cinye malmala biyu a gaban jama'a, ya ce bai taɓa cin tuwo irin wannan ba, sannan aka yi masa afuwa.

Mulkin ya ƙare ne da Maryam Nana ta kawo katan na sababbin ƙwayaye, irin waɗanda ba sa zafi, ba sa saurin mutuwa. Tanko ya hau ya jera su yana tsaki. Falo ya haskaka, kowa ya fito, na kirki da na banza.

Yana nan har yanzu a kicin, gwiwa ta hana shi hawa tsani. In ya kawo abinci falo yakan ɗaga kai ya dubi silin, ya ce wa Hajiya kayan yanzu ba su da tarbiyya.