Mudassir da Kwamfuta Mai Magana

Mudassir ɗan Utai ne, auta a wajen uwarsa. Yana gama sakandare ya shigo Wudil ya koyi gyaran waya, daga baya ya kama shago a bakin titin da ke zuwa jami'a. Ɗalibai suna kawo masa waya, sannu a hankali suka fara kawo kwamfuta. A wajensu ya ga yadda ake rubuta kod, wato umarnin da ake haɗa manhaja da shi, abin ya shiga ransa. In babu ciniki sai ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa ya yi ta gwadawa.

Ya haura shekara talatin, yana da mata da 'ya ɗaya, ganinsa ya fara raguwa ta gefe. Ya ɗauka gajiya ce. Da ya je asibiti a Kano likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Magani ya ɗan rage saurin abin, amma bai tsayar da shi ba. Ranar da ya ƙona wayar wani da dalma saboda bai ga inda hannunsa ya nufa ba, ya tattara kayan gyaransa ya ba maƙwabcinsa Sabo, ya rufe shago.

Uwarsa ta zo daga Utai da ƙullin gero da kuka. Ta zauna a tabarma ta daɗe tana kallonsa.

"Auta, ka dawo gida. Ga gona, ga 'yan'uwanka. Ba wanda zai bar ka da yunwa."

"Inna, na sani. Amma in na koma zama zan yi, ni kuwa ban gama aiki ba."

"Da wane idon?"

Wani abokinsa Nasiru, mai kula da kwamfutoci a jami'a, shi ya kawo masa amsar wannan tambayar. Ya sa masa wata manhaja da ke karanta duk abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Muryar Turanci take yi, ba daɗi, amma Mudassir ya zauna da ita. Ya haddace madannai da yatsunsa, ya cire linzamin kwamfutar ya ba 'yarsa Sakina ta yi wasa da shi. Cikin 'yan watanni ya koma rubuta kod.

Abin da ya fi ba shi wahala talla ne. Mai ido yana iya kauda kai daga talla, shi kuwa sai muryar ta karanto masa komai: caca, bashin waya, maganin ƙiba, kafin ta iso kan abin da ya zo nema. Wata rana da hantsi yana neman wani ƙarin kayan aiki na editarsa, manhajar da yake rubuta kod a ciki. Muryar ta ce ga wurin saukewa, ya danna. Ashe talla ne aka yi wa kamannin wurin saukewa. Kwamfutar ta yi nauyi, muryar ta fara sarƙewa, can ta yi shiru.

Ya kira matarsa Mas'uda daga wajen keken ɗinkinta.

"Maman Sakina, me kike gani?"

"Shafuka ne suke ta buɗe kansu. Ga wani jan rubutu, wai an kulle fayilolinka."

Nasiru ya zo da la'asar ya duba, ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, kuma babu abin da za a ceto. Duk abin da Mudassir ya rubuta tun da ya daina gani ya tafi. Nasiru ya ce zai tafi da kwamfutar ya wanke ta ya dawo da ita.

"A'a," in ji Mudassir. "Faɗa min yadda ake yi. In ka yi min yau, gobe ma sai na nemo ka."

Matsalar ita ce lokacin da ake ɗora sabon tsari kwamfutarsa ba ta magana. Mas'uda ta zama idonsa. Turancinta na sakandare ne, in kalma ta gagare ta sai ta karanto masa harafi harafi. Sun yi kuskure sun sake daga farko har ta gaji ta ce a bari sai gobe. Washegari bayan ta sauke abin kari ita ta fara jawo kujera.

Da muryar ta dawo, abin da ya fara sawa shi ne manhajar toshe talla. Ya buɗe shafin labarai, muryar ta tafi kai tsaye kan labarin. Ya daɗe yana saurare. Daga nan ya canza duk kalmomin sirrinsa, ya daina sauke komai sai daga shafin masu abin, ya sayi filas, ɗan abin ajiye fayiloli, yana kwafe aikinsa a ciki duk Juma'a kafin ya tafi masallaci. Editar ma ya gyara ta daidai kunnensa. In layi yana da kuskure sai ta yi ɗan ƙara, in ya shiga cikin wani sashe na kod sai muryar ta faɗa masa zurfin da ya kai.

Bayan damina ya sake buɗe shago, wannan karon na gyaran kwamfuta. Makon farko mutane gaisuwa kawai suke tsayawa yi, su yi masa addu'a su wuce. Wata ɗaliba 'yar Gombe, Khaulat, ita ta fara ajiye kwamfutarta a teburinsa, don talla ya hana ta karatu kuma jarrabawa ta matso.

"Malam, za ka iya kuwa?" Ta tambaya a hankali, tana jin nauyin tambayar.

"Zauna ki gani. In na lalata, ga shagon Sabo nan kusa."

Ya sa abin ji a kunne ya kama aiki. Ya cire tarkacen da ta sauke ba da saninta ba, ya toshe mata talla, ya sa ta canza kalmar sirrinta da kanta yana juya mata baya, abin da ya ba ta dariya. Ita ta kawo ƙawayenta.

Yanzu shagon ba ya rasa mutane. Ranar Asabar wasu magidanta biyu marasa gani, ɗaya daga Darki ɗaya daga Ɗankaza, suna hawo mota su zo ya koya musu kwamfuta. Su ba sa jin Turanci sosai, muryar kuma in ta ci karo da Hausa sai ta dagula ta, "ɗa" da "da" duk ɗaya ne a bakinta. Wannan ne aikin da Mudassir ya sa a gaba. Yana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana gyara mata furuci, Mas'uda tana saurara daga bakin keke tana cewa wannan ya yi, wannan da saura. Nasiru ya ce masa aikin zai ci shekaru. Mudassir ya ce ya sani, ya tambaye shi ko cikin ɗalibai akwai mai son ya taya shi.