Na Kira Ɗana Raggo Yana Cikin Ciwo

Ina ɗan shekara sha biyar, ni ne yaron da ake kwatance da shi a gayyar noma a ƙauyenmu, gefen Rimaye. Wata rana na shiga gayya da zazzaɓi a jikina, na riga manya isa ƙarshen gona, na yanke jiki na faɗi. Da na farfaɗo babu wanda ya yi mani faɗa. Makaɗi ya tsaya a kaina yana wasa ni, dattawa suna cewa haka namiji yake, su kuwa yaran da suka tsaya shan ruwa aka hana su fura sai da kowa ya ƙoshi. Tun ranar na yarda cewa mutum ba shi da daraja sai yana zufa. Har yau ina jin haushin dattawan nan, Allah ya gafarta masu.

Da wannan aƙida na yi shekara arba'in ina tuƙin babbar mota da fatauci. Na ji Ashantanci a Kumasi, Faransanci a Duwala, Larabci a Jidda. Na ga manoman Ashanti suna da ranar da ba su taka gona, na ga Larabawa suna rufe kanti da rana su kwanta, kuma duk ba su mutu da yunwa ba. Da kowane harshe da na koya, sai da na zagi masu shi da lalaci. Ido ya gani, kai bai ɗauka ba.

Da na dawo gida Kankiya na tarar da ɗana na fari, tela ne a Kusada, ya daina buɗe shago. Ya dawo gidana yana wuni a ɗaki, ba ci ba magana. Uwarsa ta ce mani yaron nan ba shi da lafiya, na ce ta nuna mani inda ke jini. Shi da bakinsa ya ce, cikin ladabi, ƙirjinsa ke mashi nauyi, kuma bai san dalili ba. Na ja shi gona tsakar rana, na kira shi raggo a gaban 'yan ƙwadago, na ce kuɗin ɗinkin mata ya lalata shi. Kawunsa ne ya ɗauke shi zuwa Katsina, likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya warke, ya koma ɗinkinsa, ya yi aure can, amma ƙafarsa ta ɗauke daga gidana.

Sai hawan jini ya taɓa mani ido, aka hana ni tuƙi da gona. Wata uku da zama, nauyin nan da ɗana ya faɗa ya sauko mani a ƙirji. In an kawo tuwo sai in ture, don ina ganin ban yi aikin da zan ci shi ba. Sannan na gane abin da na yi. Na aika a roƙe shi ya zo, ya zo ranar wata Talata, ya durƙusa ya gaishe ni. Na kwana biyu ina shirya kalmomin neman gafara, amma da na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa wa ya bar wa shago yau ranar aiki. Ya ce Baba ai kai ka kira ni. Bayan la'asar ya koma, bai kuma dawo ba.

Wannan bakin nawa shi nake fushi da shi. Abin da aka dasa wa yaro yana sha biyar ba ya fita don ya yi furfura ko ya ga duniya. Iyaye da malamai, ku koya wa 'ya'yanku aiki, amma in yaro ya ce ya gaji ko zuciyarsa ba daɗi, ku zaunar da shi ku saurara. Ku yi tun yana shigowa gidanku da ƙafarsa, ba sai kun aika an roƙo shi ba.