Watan da Alhaji Ya Sakar Mana Sito

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Ɗanjuma ya tara mu a bakin sito, farkon watan Janairu, da littafi a hammata. Ku sababbin ma'aikata ba ku riske shi ba. Shi ne mai sitonmu na sari a nan kasuwar Kilomita Biyar, inda muke sauke shinkafa da sukari da sabulu daga motocin da ke zuwa daga Duwala ta Kamaru. Ni ne mataimakinsa a lokacin, ƙasa da ni akwai direba da masu lodi. Makullin sito kuwa ba ya barin aljihunsa. A sana'armu mai riƙe makulli shi ke buɗewa bayan asuba, shi ke karɓar kaya, kuma ciniki ba ya faɗawa sai ya ce, "Allah ya sa albarka."

Littafin na Faransanci ne kan shugabanci, 'yarsa mai karatu a Kamaru ta kawo masa tsaraba. Ya kwashe watan Disamba yana fama da shi da tabarau, mu kuma muna shan tafsiri. Ranar ya ce, "Na gama. Marubucin ya ce shugaba nagari shi ne wanda aiki ke tafiya ba ya nan. Burina na bana ke nan, zan huta. Habu, ga makulli aro. In watan nan ya ƙare ba ka neme ni ba, ya zama naka."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji." Cikina fal murna, don na tsufa ina jiran makullin nan.

Abin takaici, aiki ya tafi sumul. Motoci suka zo muka sauke, 'yan sari suka saya, ko buhu bai yage ba. Alhaji dai hutu yake, sai dai hutun nasa kullum ta ƙofar sitonmu yake bi. Yana da masallaci a bakin gidansa can unguwar Yakite, amma ya tsiri sallar azahar a Masallacin Kuduku da ke kusa da sitonmu. Ya tsaya ya leƙo ya ce, "Wucewa nake. Ba wata matsala?" In na ce babu, sai fuskarsa ta faɗi kamar na yi masa ta'aziyya.

Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare Hajiya, matarsa, ta aiko in zo. Ta ce, "Habu, kai ɗa ne a gidan nan. Maigidanka ya bar cin abinci. Waya na gabansa yana kallonta, jiya har ya sa a kira shi don ya ga ko lalacewa ta yi. Kai ba ka iya samun matsala ba ne?"

Na fito ina lissafi. In na kira shi makulli ya tafi, in na yi shiru tsoho ya ci gaba da ramewa. Wallahi na ji haushi, amma mutumin nan shi ya ɗauko ni daga lodi, shi ya yi mini aure.

Washegari Mama Selestin ta zo sari daga garin Buwar, tsohuwar abokiyar cinikinmu ce. Na roƙe ta da yarenta na Sango ta tayar mana da rigima. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce ba mai loda mata ko ƙwaya sai patoro, wato maigida, da kansa ya sa albarka. Na buga waya. Ban ajiye ba sosai sai ga Alhaji a bayan babur ɗin ɗan taksi-moto, babbar riga na kaɗawa. Ya lallashe ta, ya sa albarka, ya yi wa masu lodi faɗan da ba su san dalilinsa ba. Sannan ya miƙo mini hannu, na zuba masa makulli.

Ya ce, "Ka gani? Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa zuwa Kilomita Biyar ba." Ya ba ni littafin kyauta, wai in karanta, da sauran aiki a gabana. Ranar an ce tuwo kwano biyu ya tashi da shi.

Makullin bai zo hannuna ba sai bayan shekaru, da ciwo ya kwantar da shi. Ya damƙa mini a gaban 'ya'yansa, ya jawo ni kusa ya ce, "Selestin ba ta iya fushin ƙarya ba, Habu. Tun daga kan babur na ga tana ɓoye dariya."

Abin da na koya shi ne, a kasuwar nan girman mutum yawan masu nemansa ne, kuma mai sito ba ya hutawa sai dole. Bana ni ma na ci burin hutawa, kun ji ni da kunnenku. To in kun ga na fara zuwa sallar azahar ta nan, kada ku bari sai matata ta aiko.