Wace Ce Ta Zauna Jarrabawar Kakra?

A gidanmu na haya da ke Konongo, ɗakina yana kallon na Maame Boadiwaa mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, don haka a gaban keken ɗinkina tagwayenta suka girma. Panyin ce babba, Kakra ƙarama. Kamarsu ɗaya sak, kamar an tsaga kara. Ni da nake auna su ma sai sun buɗe baki nake rarrabewa, domin Panyin bakinta ba ya hutawa, Kakra kuwa sai an yi mata tambaya biyu kafin ta ba da amsa ɗaya.

Panyin ta yi makarantar nas, ta ci jarrabawar lasisi a zama ɗaya, ta kama aiki a Kumasi. Kakra ta daɗe tana taya uwarsu naɗe dokunu kafin ta bi sahu. Makaranta ta gama lafiya, amma jarrabawar hukuma, wadda in babu ita ba ka isa ka taɓa majinyaci da sunan nas ba, ta kayar da ita har sau biyu. A karo na uku ta ci, ci mai kyau kuwa. Aka bulbula mata farar hoda a ka alamar nasara, uwar ta sa fararen kaya zuwa coci, aka kawo mini koren yadi in ɗinka rigar aiki.

Ban gama yanka yadin ba magana ta fara yawo. Wani ya tuna cewa Panyin ta ɗauki hutu ta zo gida a makon jarrabawar. Wata ta ce wanda ya faɗi sau biyu ba ya tashi haka kawai ya wuce kowa. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, domin a safiyar farko ta jarrabawar na ga ɗaya ta fita da jaka, wadda ta rage kuma ta wuni tana wanke masara ba ta ce wa kowa uffan ba. Da na tambayi Maame, sai ta ce ai Panyin azumi take yi wa ƙanwarta, ba ta son surutu. Na ce to, amma ban taɓa ganin azumin da ya rufe bakin Panyin ba.

Ana nan sai aka kira Kakra a waya daga Accra, aka ce an dakatar da lasisinta, wani ya kai ƙorafi cewa ba ita ta zauna jarrabawar ba. Ba a faɗi ko wane ne ba.

Daga ranar Kakra ta daina yarda da kowa. Ta fara zargin Dufie, ƙawarta ta makaranta da ta sake faɗuwa, ta daina ɗaukar wayarta. Ta koma kan matar mai gida. Ni ma ban tsira ba. Ta shigo ɗakina da rana, ta naɗe yadinta da ban ƙarasa ba.

"Anti Serwaa, ke kina nan kullum, idonki a ƙofarmu," in ji ta.

"Ido ne, Kakra, ba baki ba."

"Ido ai shi ke ba baki abinci."

Ta fita da yadin. Ko yayarta ba ta bari ba. Na ji su ta taga tana tambayar Panyin ko ta ji zafi ne da za a samu nas biyu a ɗaki ɗaya. Panyin ta yi dariya, ta ce da tana son ɓata ta, da ta bar ta a bakin tukunyar dokunu tun farko. Kakra ba ta yi dariya ba.

Hukuma ta kira su su biyu. Aka zaunar da Panyin a wani ɗaki da mai gadi, aka shigar da Kakra gaban manyan nas-nas. Suka yi mata tambayoyi baki da baki, suka sa ta wanke ciwo ta ɗaure, ta haɗa allura, suka gwada rubutun hannunta da na takardun jarrabawa. Kafin la'asar suka ba ta haƙuri, suka ce lasisinta zai fito.

Sai da suka dawo Maame ta fasa ƙwai. Ashe ranar murna, tana zuba wa masu saye yaji, ta ba su labarin yadda Panyin take shiga ajin Kakra a firamare ta yi mata lissafi malami bai gane ba, har ta ƙara da cewa wannan karon ma wa ya sani. Wasa take yi, in ji ta. Wanda ya ɗauki wasan ya kai Accra, har yau ba a san shi ba.

Kakra ta dube ta, ta ce:

"Maame, na ɓata da rabin gari saboda ke."

"Ni ma ban san bakina zai hau mota ba, 'yata."

Kakra ta je ta ba Dufie haƙuri, amma ba su koma kamar da ba. Da aka zo rabon wuraren aiki, kowa yana roƙon Kumasi, ita ta roƙi Tumu, can arewa inda ba wanda ya san tana da 'yar tagwai. Ta aske kanta ƙasa-ƙasa kafin ta tafi. Na ji an ce mata masu ciki a can ba sa son kowa ya duba su sai ita, ta kuma auri wani malamin makaranta.

A Konongo dai har gobe akwai masu cewa a Accra ma an yi musaya a bayan gida. Kakra takan zo gida da Kirsimeti, ta duba hawan jinin uwarta, ta gaishe mu a tsaye, kafin sabuwar shekara ta koma.