Hannuna da Anti Doose ta koyi awo a kai

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu ƙawayena na firamare sun ɗauka mun tashi daga Assakio. Ba mu tashi ba. Jinya na yi. Ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa na ari wayar yayana na rubuta.

Da zazzaɓi ya fara. Sai jiri. Wata safiya ina ɗauke da ƙwaryar nono na faɗi a bakin titi.

A babban asibitin garin Lafiya likita ya ja fatar idona ya duba. Ya ce wa Baffa, "Zazzaɓin sauro ya shanye mata jini." Baffa ya sayar da maraƙi.

Kullum da safe ɗalibai masu koyon aikin jinya suna zuwa awon jini. Inna ba ta so. Takan ce, "'Yata ba allon makaranta ba ce."

Ɗaya daga cikinsu, Anti Doose, 'yar ƙabilar Tibi ce. Ta durƙusa ta ce, "Mama, yi haƙuri, hannu kawai zan ara, zan mayar."

Ƙyallen awon ya yi wa hannuna yawa, sai ta je ɗakin yara ta samo ƙarami. Ta matsa robar hura iska, ta kasa kunne, ta sake. Da ta ga awon ya yi ƙasa ba ta ɓoye ba, ta kira Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta duba da kanta.

Sista ta ce a ƙara mini jini a ranar.

Inna ta riga kowa zuwa ɗakin ajiyar jini. Aka gwada nata, bai dace ba. Ta ce wa mai gwajin, "Ni na haife ta fa." Ya ce, "Na sani, Mama. Amma in na sa mata wannan, zai cutar da ita."

Na Baffa bai yi ba. Kawunnaina suka zo a kan babura, babu wanda ya dace. Irin jinina ba shi da yawa, kuma babu shi a firij.

Na ji tsoro. Na ɗauka ba zan koma gida ba.

Ashe a ajinsu ɗalibai suna huda yatsunsu su koyi gwajin rukunin jini. Anti Doose ta san nata. Irin nawa ne. Ta ce a ɗebi nata. Duk da haka sai da aka bincika shi, aka haɗa da nawa aka ga sun zauna lafiya, sannan aka rataya mini.

Alhamdu lillahi, na warke. Na gode wa likita, da Sista, da mai gwajin da ya ƙi jinin Inna.

Don Allah ku je ku san rukunin jininku tun kuna da lafiya. Kuma kada ku kori masu koyo.

Ranar sallama Inna ta kawo wa Anti Doose man shanu. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta miƙa mata hannu.

Ta ce, "Ungo, 'yata. Koyi da nawa ma."