Waken da Na Gwada wa Kaza

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna. Ya rasu ne bayan kaka, lokacin da mu 'yan kasuwar wake na Matameye muke cika mangaza, wato ɗakunan ajiyarmu, shi ya sa ba na bukatar kowa ya tuna mini. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Haruna ya daɗe a Yamai yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake auna ƙarfin gubar magungunan ƙwari. Da fararen ɓeraye suke aikin. A gida an sha tsokanarsa a kan haka. Mahaifiyarmu takan ce ita ta sa shi lakwal, wato makarantar boko, don ya zama likita, sai ga shi ya ƙare a kiwon ɓera. Abokansa kuma su ce duk garin nan neman kashe ɓera ake yi, Haruna kaɗai gwamnati ke biya ya ciyar da shi. Ba ya jin haushi, ba ya kuma dariya sosai. Mutum ne mai sanyi, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba agogo sau biyu.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin, na saurara da rabin kunne. Ana raba ɓerayen gida-gida. Wasu a ba su abinci tsantsa, wasu a sa musu maganin ɗan kaɗan, wasu a ƙara, wasu a ƙara sosai. Kowane mako a ɗora su a sikeli, a rubuta abin da suka ci da yadda suke motsi. Bayan wata uku a buɗe su, a duba hanta da ƙoda a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Na ce masa wannan ai wahala ce, ba sai a ba ɓera ya ci a ga ko zai mutu ba? Ya ce haka kowa ke cewa.

Bayan ya aje aiki ya dawo gida, aka yi wata shekara ta wake. Na sayi na Dungu, na sayi na Kurni, na zuba duk ƙarfina a ciki. Matsalar wake kowa ya san ta: ka ajiye shi wata biyu, ƙwaro ya mai da shi gari. Sai wani mutum ya zo kasuwa da wata farar hoda a leda, babu kwali, babu rubutu, ya ce in an barbaɗa ta ko ƙuda ba ya kusantar buhu. Na saya na barbaɗa. Gaskiyarsa ce, ƙwaro bai taɓa mini ko tiya ɗaya ba.

Mu 'yan wake muna da gwajinmu, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, haka na tarar ana yi. In za ka fito da kayan da ka sa wa sabon magani, sai ka ɗebi hannu ɗaya ka farfasa, ka zuba wa kaza, ka kulle ta a akurki ta kwana. In gari ya waye tana tsaye, kaya sun yi. Da farashi ya tashi gab da damina na yi hakan. Kazar ta kwana lafiya, har ƙwai ta yi.

Da hantsi Yaya ya biyo ta mangaza. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar wurin.

"Salisu, me ka zuba wa waken nan?"

"Magani ne, Yaya."

"Ina kwalinsa?"

"Ba shi da kwali. Amma na gwada, ga kazar can tana kiwo."

Ya dubi kazar ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɓeran da ya faɗi ran farko bai taɓa tada mini hankali ba, don shi ya gaya mana gaskiya da wuri. Wanda nake tsoro shi ne mai cin abincinsa, gashinsa na sheƙi, sai bayan wata uku ka buɗe shi ka tarar hanta ta lalace."

Bai ce wakena guba ne ba. Cewa ya yi bai sani ba, ni ma ban sani ba, kazar ma ba ta sani ba. Ya ɗebi ragowar hodar da ɗan wake a kwalba, ya ce zai aika wa tsofaffin abokan aikinsa, in dakata da sayarwa. Na tambaye shi har yaushe. Ya ce wataƙila wata biyu. Wata biyu kuwa, a lissafin ɗan kasuwa, ruwa ya sauka, hanya ta ɓaci, masu saye sun koma jiran sabon wake. Na ce masa to. Kwana tara bayan nan wani mai saye ya zo daga ƙetaren iyaka da babbar mota, na buɗe masa mangaza ya kwashe.

Amsa ta zo a takarda da Faransanci. Ya same ni a ƙofar gida, ya karanta, ya mayar mini da ita Hausa. Hodar ta feshin gona ce, ba a yarda a sa ta a abin da mutum zai ci ba. Ya ninke takardar ya ce, "Ina buhunan?" Na ce sun tafi. Bai ɗaga murya ba. Sunan mai sayen kawai ya tambaya da garinsu. Washegari ya hau mota, da ciwon ƙafarsa, ya tsallaka iyaka yana nemansa. Ya same shi, amma wake ya riga ya watsu tiya-tiya a hannun masu ƙosai da masu alale da matan gida. Ya dawo bayan kwana uku, bai sake ta da maganar ba. Ya ci gaba da cin abinci a gidana kamar da, in ban da ranar da aka dafa wake. Matata ce ta lura da haka kafin ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Ina jin zai ji daɗin buhunan nan masu leda a ciki, waɗanda ake ɗaure bakinsu ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba sai an sa komai ba. Da su nake aiki yanzu, kuma ba zan yi ƙaryar cewa tsoron Allah ne kaɗai ya kai ni ba, sun fi sauƙi ne. Zai ji daɗin 'yarsa Hadiza, wadda ta gaji aikinsa. Ta ce mini yanzu sukan fara gwaji a kan ƙwayoyin hanta da ake raya su a ɗan faranti, a ɗiga musu magani a ga nawa suka mutu, kafin a kai ga ɓera. Wannan zai faranta masa, don bai taɓa son ranar buɗe ɓerayen ba, ranar ko abincin rana ba ya ci. Amma in ya zaga kasuwa zai tarar da hoda marar kwali tana nan, har ta ƙaru, yanzu a kan babur ake yawo da ita ƙauye-ƙauye. Masu kulle kaza ma ba su ƙare ba.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar littafi ba, kuma ban ji an sa wa wani abu sunansa ba. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne ya raba ni da kwanciyar hankalin da nake samu in ban ji labarin komai ba. Shekara biyu na yi ina lallashin kaina cewa da an samu matsala da mun ji. A jinyarsa ta ƙarshe ina zaune kusa da shi, kunya ta ishe ni, na ce, "Yaya, maganar waken nan fa, har yau ba mu ji wani ya cutu ba."

Ya juyo da kansa a hankali ya dube ni.

"Wa zai zo ya gaya maka, Salisu? Ai ba su san sunanka ba."